Ko a Gidan Giya Akwai Babba

Idan ruwa ya ci saurayi a Maraɗi, bayani uku ne ke yawo a wurin zaman makoki. Wasu su ce kwana ne ya ƙare. Wasu su ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Tsofaffi kuma su sassauta murya su ce ai wurin nan dama yana da masu shi, kowace damina sai sun karɓi rabonsu. Akwai bayani na huɗu, amma shi ba ya hawa tabarmar gaisuwa. Sai an watse, abokan mamacin sun koma fada an ɗora shayi, sannan wani zai sunkuyar da kai ya ce, "Wallahi da ya ji maganata da bai shiga ba, ai a buge yake." Nan maganar ke kwana. Ba ta isa kunnen uwa, ba ta isa kunnen liman, balle ƙannen mamacin da za su bi wannan hanyar baɗi.

A ganina wannan shirun yana da hannu a mutuwar na gaba. Ba cewa nake a tona asirin mamaci ba. Wanda ya riga mu gidan gaskiya a rufa masa asiri, a yi masa addu'a. Masu rai nake magana a kansu, waɗanda ke da haƙƙin a gaya musu ƙarara abin da maye ke yi wa mutum a cikin ruwa, kuma a faɗe shi ta yadda mai sha ɗin ma zai iya tsayawa ya saurara. Wa'azinmu yana tsayawa a kan cewa haramun ne, kuma haramun ɗin ne, ba mai musu. Amma yaron da ya riga ya sha bayan la'asar, ya tuɓe riga a bakin gulbi yana shirin faɗawa, a wannan sa'ar ba hukunci yake jira ba. Abin da zai raba shi da mutuwa shi ne a samu wanda zai riƙe masa hannu.

Duk ɗan Maraɗi ya san halin gulbinmu. Wata da watanni yana kwance, rairayi zalla, yara na buga ƙwallo a ciki, amalanke na ratsawa. Damina na kankama sai ya kawo. Kuma ruwan ba lallai na samanmu ba ne. Daga ƙasar Katsina yake gangarowa, ta wajen Jibiya inda aka yi masa madatsa, ya shigo ta kudancin jiha, ya bi kusa da Madarunfa da Jiratawa, ya goga gefen gari ya nufi Tsibiri, kafin can gaba ya sake komawa Najeriya ya zuba a gulbin Rima. Shi ya sa ana iya wuni rana na dukan ƙasa, ba hadari ba yayyafi, amma inda ruwa yake iya gwiwa da safe ya kai wuya kafin magariba. Kakanninmu sun ɗanɗana kuɗarsa: ambaliyar 1945 ce ta ci tsohon garin da ke cikin kwari, ta sa aka hauro tudu aka sake zama. Ban da gulbi ga tafkin Madarunfa, tafiyar da ba ta wuce kilomita 25 ba, inda masu ziyarar kaburburan waliyyai 99 da masunta da samari ƴan yawon Sallah ke haɗuwa a gaɓa guda. Ga ramukan da masu bulo da masu ɗibar ƙasa suka haƙa a gefen unguwanni, waɗanda ruwan Agusta ke mayarwa kududdufai masu zurfin da ba wanda ya auna. Ga rijiyoyin garka marasa baki. Ga kuma wuraren ninkaya na otal-otal da suka fara shiga ran matasa.

To me ya haɗa mashayi da waɗannan wurare? Kunya. Dokar Nijar ba ta hana sayar da barasa ba, amma a Maraɗi idon jama'a ya fi doka ƙarfi. Waɗanda suka yi wayo a lokacin ba su manta watan Nuwamba na 2000 ba, sa'ad da zanga-zangar adawa da bikin nunin tufafi na FIMA ta tashi a Yamai ta iso nan, aka far wa mashaya aka ƙona wasu. A wannan shekarar ce kuma Zamfara da Katsina suka fara aiki da shari'a, wasu masu wannan sana'a suka tsallako iyaka suka raɓe a ƙauyukan gefe. Sha bai ƙare ba, wuri ya sauya. Mai hali yana da ɗaki da ƙofa da makulli, ya sha abinsa ya kwanta, mafi muni ya tashi da ciwon kai. Ɗan kabu-kabu, ɗan tasha, yaron shago, ɗan lakwal da ke kwana ɗaki ɗaya da ƙannensa, su ba su da ƙofar rufewa. Dole su nemi inda kawu ba zai gifta ba, inda maƙwabci ba zai hango ba: gindin mangwaro a fadama, bayan ramin bulo, lungun gaɓar tafki. Ka lissafa wuraren da ido ba ya kaiwa a garin nan da damina, kusan kowanne ruwa ne a gefensa. Mun kore su daga gabanmu, kuma muna da dalilinmu, amma ba mu taɓa tambayar ina muka kora su ba.

Abin da ake sha ɗin ma ya wuce kwalbar giya da aka sani a da. Yanzu akwai ƴan ledoji da ƙananan kwalabe na barasa mai kaifi, masu shiga aljihun wando ba a gani, kuɗinsu bai kai na farantin shinkafa ba. Akwai tramol. Akwai maganin tari mai kodin, wanda Najeriya ta haramta a 2018 amma bai ɓace daga hannun yara ba. Akwai wiwi, akwai sholisho. Sau da yawa kuma haɗawa ake yi, a kora wannan da wancan.

Mutane da dama sun ɗauka haɗarin yana ga wanda ya bugu har yana tangaɗi. Wannan ai ko ƙafarsa ba ta kai shi bakin ruwa. Wanda ruwa ya fi ci shi ne mai ɗan zafi-zafi, wanda yake tafiya daidai, yake magana daidai, sai dai bakinsa ya ɗan buɗe, zuciyarsa ta ɗan kumbura. Barasa tana fara taɓa wurin da ke auna abu a ƙwaƙwalwa tun kafin ƙafa ta fara harɗewa. Sai tsallaken gulbi ya matso kusa a idonsa, gudun ruwan ya zama ba komai ba, yaron da da hankalinsa ba ya wuce iya ƙugu ya ce shi zai haye ya dawo, a sa caca. Wanda bai iya iyo ba yakan ji tsoro ko da ya sha. Wanda ya ɗan iya, ya saba tun yana ƙarami, shi ne abin ke ruɗa, don yana auna ruwan yau da ƙarfin jikinsa na jiya.

Da zarar ya shiga, abu na biyu ya taso. Can cikin kunne akwai wasu ƴan bututu masu ruwa, su ke gaya wa ƙwaƙwalwa ina ne sama, ina ne ƙasa. Barasa na shiga jini ta dagula aikinsu. Shi ya sa mashayi in ya kwanta yake jin ɗaki na juyawa da shi. A kan tudu ido da tafin ƙafa suna gyara wannan kuskure. A cikin ruwan gulbi, mai kauri da ja kamar kunun kanwa, ido ba ya ganin ko tafin hannu, ƙafa kuma ba ta taka komai. Igiyar ruwa ɗaya ta juya shi, ya rasa gabas da yamma, yana iya yunƙurawa da iyakar ƙarfinsa ya nufi ƙasa alhali yana zaton sama yake nema. A haɗa da cewa ɗumin da mai sha ke ji a jikinsa yaudara ne: jijiyoyin fata ne suka buɗe, zafin jiki na fita, don haka ruwan sanyi ya fi saurin kashe masa gaɓoɓi. Tarin nan da ke fizgo mutum da kansa in ruwa ya sarƙe shi, shi ma barasa tana rage masa kaifi. Ciki kuma a cike yake, amai na iya tasowa ya koma huhu.

Tramol nasa sharrin daban ne. Likitoci ba sa wuce miligiram 400 a yini ga babban mutum, ko da ciwo mai tsanani yake, amma ƙwayar da ke yawo a tasha akwai mai 225 a guda ɗaya. Ƙwaya biyu an riga an tsallake. Yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, ba sallama, ko ga wanda bai taɓa yin ta ba. Wanda jijjiga ta kama a kan tudu sai a taru a kansa ana salati har ya farfaɗo. A cikin ruwa kuwa, iya gwiwa ma ya isa.

Akwai wata al'ada da na fi tsoro fiye da cacar haye gulbi, don ita masu hankalin cikinsu ke yin ta. Rana ta yi sanyi, magariba ta gabato, dole a koma gida a gaida tsoho. Ido ya yi ja, baki na wari. Sai ɗaya ya ce, "Bari in ɗan faɗa ruwa in wartsake." Kunyar da ta kawo shi bakin ruwa ita ce za ta tura shi ciki. Alhali ruwan sanyi ba ya fitar da barasa daga jini. Hanta ce ke yin kusan duk wannan aiki, kuma ba ta gaggawa: kusan awa guda take ɗauka a kan ƙaramar kwalbar giya ɗaya. Shayi mai kauri, goro, lemun tsami, wanka, duk ba mai ƙara mata sauri. Abin da sanyin ruwa ke yi shi ne ya buɗe masa ido na ɗan lokaci, ya ji kamar ya dawo daidai, ya ƙara matsawa ciki.

Mun kuma ɗauka wanda ruwa ke ci yana ihu yana ɗaga hannu yana kiran a kawo ɗauki. Ba haka abin yake ba. Bakinsa na fitowa yana komawa, ɗan lokacin da yake samu bai ishe shi shaƙar iska ba balle kira. Hannuwansa na dukan ruwa a gefe, kansa a ɗage, jikinsa a tsaye. Daƙiƙa 20 zuwa 60 ake yi a haka, sai shiru. Mai cikakken hankali ma yana iya kallo bai gane ba. Ina ga abokan da ke kan gaɓa, su ma da nasu a kai, suna dariya suna cewa ka ga ɗan iska yana mana wasa?

Akwai wani dattijo mai garka a ƙasan gari da nakan sayi zogale da tumatir a wurinsa. Wata rana da damina ya ja ni bayan shingensa ya nuna mini gindin wani mangwaro. Ƙasa a share take saboda yawan zama, ga duwatsu uku na murhun shayi, ga ledojin barasa an tsotse an yar, ga katin ƙwaya an ɓalle duka, ga guntayen sigari. Taku kaɗan daga nan gaɓa ce, tsayinta ya fi mutum, ruwa ya ci ƙarƙashinta ya bar leɓe a sama, saiwoyi na reto. Wanda ya tsaya a kan leɓen nan yana fitsari bai san a kan iska yake tsaye ba. Na ce, "Baba, ba ka korarsu?" Ya ce, "Ɗana, da ina kora. In na kore su nan, gaba suke yi, can inda ruwan ke juyawa kuma ba kowa. Gara ina ganinsu." Ya ɗaga hannu ya nuna mini reshe. Jarka ce rawaya ta lita 25, babu komai ciki, murfinta a ɗaure tam, an zarga mata doguwar igiyar guga an rataye. Ya ce ya gaya musu ba mai taɓa ta sai in wani ya faɗa, kuma wanda ya sace ta Allah ya isa. Yana yi musu faɗa duk sanda ya gan su, yana kiransu da sunan iyayensu don su ji kunya, amma bai sauke jarkar ba. Wannan dattijo salla ba ta wuce shi a jam'i, kuma ban ga alamar yana jin jarkar nan ta rage masa imani ba.

Abin ba namu ba ne mu kaɗai. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahoton da ta fitar a Disamban 2024, ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a 2021, sama da 30 ke nan a kowace awa. Fiye da 9 cikin 10 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin hali suke, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce kan gaba. Maza sun ninka mata. A Amurka, inda ake auna jinin gawa, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasar ta ce ana samun hannun barasa a cikin abin da ya kai kashi 70 cikin 100 na mutuwar matasa da manya a wuraren wasan ruwa. Mu a nan gawa na fitowa ake yi mata sutura a kai ta makwanci, kamar yadda addini ya koyar, ba a ɗibar jini. Takarda za ta ce ruwa ya ci shi, iyakarta ke nan. Kada rashin rubutu ya sa mu ɗauka jikin ɗan Maraɗi daban yake da na ɗan Amurka. Hanta ɗaya ce, kunne ɗaya ne, ruwanmu ma ya fi nasu duhu, kuma babu mai gadi a bakinsa.

Na san abin da wasu malamaina da iyayena za su ce, kuma ba maganar banza ba ce. Za su ce in ka gaya wa yaro kada ya shiga ruwa in ya sha, kamar ka ce masa ya sha ne amma ya yi nesa da ruwa. Ka buɗe ƙofar da Allah ya rufe. Ina girmama wannan tsoro. Sai dai gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ayar Ma'ida da ta ce a nisanci giya tana nan daram, ba wanda ya isa ya taɓa ta. A cikin surar nan dai aka ce wanda ya raya rai guda kamar ya raya mutane ne baki ɗaya, kuma ba a ce sai ran mai takawa ba. A Baƙara aka ce kada ku jefa kanku cikin halaka da hannuwanku. A zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an kawo wani da ya sha aka yi masa haddi, da wani ya ce Allah ya kunyata shi, sai Annabi ya hana, ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kansa. Bukhari ne ya ruwaito. An hukunta shi, amma ba a yar da shi ba. Saurayin da ya sha yau, in ya kwana da rai, gobe yana iya tuba. Garin nan cike yake da dattawan sahun gaba waɗanda ƙuruciyarsu ba a so a tuna. Wanda gulbi ya tafi da shi a cikin maye an rufe masa wannan ƙofar. In dai tubarsa muke so, to sai ya rayu tukuna.

Ga samarin kansu kuwa, ba zan ɓata bakina ina yi muku abin da liman ya fi ni iyawa ba. Hausawa sun ce ko a gidan giya akwai babba. Kowace fada tana da wanda ake jin maganarsa, wanda in ya ce a tashi ake tashi. Kai nake nufi. In ka ga ɗaya ya fara kwance maɓallin riga yana kallon ruwa, kada ka tsaya lallashi, don ba da shi kake magana ba, da abin da ya sha kake yi. Ka riƙe shi, ka zaunar da shi, ka ɓoye makullin babur ɗinsa, ya zage ka, gobe zai ba ka haƙuri. Kada a bar mutum shi kaɗai ya tafi kama ruwa a bakin gaɓa da duhu. Kada a watse sai an ƙirga kai. Kuma wanda ya ce a yi cacar haye gulbi, a ɗauke shi a matsayin wanda ya zaro wuƙa a tsakiyar fada.

In kuma abin ya riga ya faru, nan ne kunya ke yin kisa na biyu. Yaro ya nutse, abokai su dubi juna, kowa ya tuna warin bakinsa da fuskar ubansa da ofishin ƴan sanda, sai a tattara kwalabe a watse. Sai bayan isha'i wani zai aika ƙaninsa ya ce a duba wane, an ga takalmansa a bakin ruwa. Ƙwaƙwalwa kuwa minti 4 zuwa 6 take jurewa babu iska kafin ta fara lalacewa. Waɗannan mintocin da aka kashe wajen ɓoye kwalba su ne rayuwar yaron. Saboda haka nake roƙon iyaye da ƴan sanda da jandarmomi: yaron da ya tsaya ya yi kururuwa, ya kira ɗauki, ko da a buge yake, kada ya zama shi za a fara mari. A yi masa faɗan shansa daga baya. In ya tabbata tsayawa bala'i ce a gare shi, gobe gudu zai yi, sauran ma sun koya.

Ceton ma yana da ƙa'ida. An ce wanda ruwa ya ci, ko kaifin takobi aka miƙa masa sai ya kama. Haka zai kama wuyan wanda ya faɗa cetonsa ya danna shi ƙasa, shi ya sa ake fitar da gawa biyu a rungume. Wanda ya sha kada ya kuskura ya shiga, ko ɗan'uwansa ne uwa ɗaya uba ɗaya. A miƙa gora, a miƙa reshe, a ƙulla riguna, a jefa jarka mai murfi ko tayar mota mai iska, a yi ihu masu garka su ji, wani kuma ya kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. In an fito da shi, a bar al'adar nan ta ɗaga mutum ta ƙafafu ana jijjigawa, ko a hau cikinsa ana dannawa wai ruwa ya fito. Ɓata lokaci ne, kuma abin da ke cikin ciki yake turowa ya toshe maƙogwaro. Iska yake buƙata. In ba ya numfashi a kwantar da shi rigingine, a ɗaga haɓarsa, a toshe hanci a hura masa iska a baki, a danna tsakiyar ƙirji da ƙarfi sau 30, a hura sau 2, a yi ta yi har taimako ya zo. In yana numfashi a juya shi ta gefe saboda amai. Ko ya miƙe ya ce lafiyarsa lau, a kai shi asibiti, don ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da ciwo bayan awoyi, kuma mai jin kunya gida zai so ya gudu ya kwanta.

Kada a ce na ɗora wa giya komai. Mafi yawan waɗanda ruwa ke ci a wurinmu ba su san ɗanɗanonta ba: yara ne ƙanana da aka ɗauke wa ido, da almajirai masu wanki a kududdufi, da mata masu ɗibar ruwa. A duniya ma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mamatan ƴan ƙasa da shekara 5 ne. Amma ko a nan maye yana da ƙofar shigowa, ta hannun babban da aka damƙa wa amana. Yayan da aka ba ƙanne ya kai su kallon gulbi. Mai kwalekwalen da ya haɗiyi ƙwaya don ya jure wunin kasuwa, ya loda mutane da buhuna har ruwa na leƙo baki. Ɗan kabu-kabun da ya ɗauko mace da goyo da dare, ya iso inda ruwa ya yanke hanya, tramol ya ce masa wuce. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, mai santimita 30 yana ɗaga ƙaramar mota. Mun ga abin da ruwan ƙarshen Agustan 2024 ya yi, sa'ad da aka zuba milimita 150 cikin awa ɗaya da rabi, tituna suka koma koramu, aƙalla mutum 15 suka rasu a cikin gari. A ƙasa baki ɗaya daminar ta ci kusan mutum 400. A irin wannan dare, fasinja yana da haƙƙin ya dubi idon mai babur kafin ya hau, ya kuma sauka in bai yarda da shi ba.

Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli a matsayin ranar yaƙi da nutsewa a ruwa. Yawancin irin waɗannan ranaku ba su dace da kalandarmu ba, amma wannan ta faɗo daidai lokacin da gulbi ke kawowa. Juma'ar da ke kusa da ita, limamai su ba maganar minti biyar a huɗuba, su ambaci maye da sunansa. Gidajen rediyo su gayyato likita da sarkin ruwa su zauna tare, don masuntan Madarunfa sun san inda ruwa ke juyawa fiye da kowace taswira, kuma su ne za su iya koya wa yara iyo da ceto in an nemi su yi. Masu unguwanni su bi sawun dattijon nan, a rataya jarka da igiya a duk mashigin da aka san ana taruwa. Kuɗin bai kai na buhun siminti ba. Otal ɗin da ke sayar da barasa a gefen wurin ninkaya a wajabta masa ajiye mai tsaro da ya iya ceto, wanda ke da ikon hana mai maye shiga ko nawa ya biya. Ramukan bulo kuwa, duk wanda ma'aikatar magajin gari ta ba izinin haƙa, a rubuta masa a cikin takardar izinin cewa shi zai cike ramin ko ya kewaye shi kafin ruwan farko, a kuma aiko wanda zai duba a watan Mayu.